Surukina da Ya Rufe Ni

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma. Ranar Alhamis da hantsi surukina, mahaifin matata, ya cika a gidansa na unguwar Kukuo, nan Tamale, aka yi masa sutura bayan azahar. Jama'a ta taru, amma ba irin taron da ke toshe layi ba. Tsofaffin gandirobobi, abokan aikinsa na kurkuku, sun zo su shida ko bakwai. Suka zauna gefe guda a kan benci, ba su shiga cikin mutane ba, mutane ma ba su matsa kusa da su ba. Manoman unguwa sun zo, da limaminsu, da matan da ke sayar da koko a bakin titi, waɗanda kukansu ya fi na 'yan gida ƙarfi.

Daga danginmu ni kaɗai ne a tabarma. Wana ya aiko cewa ƙafa na damunsa, alhali da safe an gan shi a kasuwar shanu. Ƙanwata ta zo, ta yi wa matata gaisuwa a tsaye, ta juya. Na lura duk wanda ya miƙo mini hannu sai ya ɗan tsaya yana duban fuskata, yana son ya ga ko akwai hawaye, in akwai kuma ko na gaske ne. Wani dattijo daga Bulpiela, unguwarmu, ya durƙusa ya yi addu'a, sannan ya rage murya ya ce, "Kansila, kai ma ka zo?"

Na ce, "In ban zo ba ina zan je?"

Ya ce, "Haka ne," ya tashi.

A bayana wasu mutum biyu suna magana da Dagbani, yaren Dagwamba, suna zaton ba na ji. Ɗaya ya ce Allah ya ba mutumin nan tsawon rai. Ɗayan ya ce, to, yanzu dai abin da ya sani ya tafi da shi ƙasa.

Dalilin duk wannan ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da muka binne shi ne ya buɗe ƙofar kurkuku ya shigar da ni, ya rufe, na yi shekara huɗu a ciki ba tare da na ga fuskar alƙali ba. Rabin garin nan kuma sun tafi a kan cewa shi ne ya ba da sunana tun farko. Ni ma na daɗe a cikin wannan rabin. Ina rubuta wannan ne don jikokinsa, waɗanda 'ya'yana ne, kada su tashi da labarin da ake raɗawa kawai.

Baba nake ce masa, kamar yadda matata ke cewa. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Turawa a ƙetaren teku, a can ya koyi karatun boko, a bariki kuma ya koyi Hausa. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. In 'yarsa ta shigo sai ya ce, "Ya zo." Da ya dawo aka ɗauke shi gandiroba, aka sa shi a babbar ƙofa, shi ke karɓar duk wanda aka kawo.

Ban taɓa ganin mutum marar yarda kamarsa ba. In ka ce masa wane na gaishe ka, sai ya tambaya, "Kai ka ji da kunnenka, ko wani ya faɗa maka?" In an ba shi takarda, ko ta gayyatar suna ce, sai ya karanta sau biyu, ya ɗaga ta sama ya duba a hasken rana. Lokacin da na nemi 'yarsa, mutum biyu ya aika Bulpiela su binciki halina, kowannensu bai san da ɗayan ba. Da suka dawo ya saurare su dabam-dabam. Maganarsu ta yi daidai, sai wannan ya dame shi, ya aika na uku.

Abu guda na taɓa ji ya yaba a aikinsa. Muna cin tuwo a gidansa ranar wata sallah, ni ina can nesa da shi saboda kunyar surukuta, wani baƙo ya ce masa ai duk kurkukun a hannunsa take. Baba ya ce, "A'a. Ni ina da makullin ƙofa. Wani na da na ɗakuna. Babba na da littafi. Ba wanda zai fitar da mutum shi kaɗai, ba wanda zai ɓatar da mutum shi kaɗai. Shi ya sa nake iya barci."

Ni tela ne, shagona na bakin hanya a Bulpiela. Ina da rediyo tun ba kowa ke da ita ba, don haka kullum da la'asar shagon cike yake da masu sauraron labarai da masu gardama. Daga nan aka zaɓe ni kansila, wakilin unguwa a majalisar gari. A kan aikin kansilan ne muka yi faɗanmu na farko da Baba, in za a kira shi faɗa, tunda ni kaina a sunkuye yake.

Ana shirin bikin samun 'yanci, majalisar gari ta ga rumfunan bakin titi sun ɓata gari, ga manyan baƙi za su zo. In an bi ta kotu za a daɗe. Sai muka yi doka cewa ma'aikatan majalisa su rushe duk rumfar da suka ga ta shiga hanya, ba sai an kai ƙara ba. Ni na ɗaga hannu, har na yi jawabi. A cikin kwana biyu aka share titi, aka rushe har da rumfunan da ba su kusa da hanya, don mai rushewa shi ke auna hanyar da idonsa.

Baba ya aika a kira ni. Na cire takalmi, na tsuguna. Bai amsa gaisuwata har ƙarshe ba ya ce, "An ce kun yi doka."

Na ce, "Mun yi, Baba. Don gyaran gari ne."

"Wa ke rushewa?"

"Ma'aikatanmu."

"Wa ke cewa rumfa ya shiga hanya?"

"Su ɗin ne."

"In mai rumfa ya ce ƙarya ne, wurin wa zai je?"

Bai jira amsata ba. Ya ce, "Kun rubuta, kun kama, kun yanke. To wa kuka bari ya ce muku a'a?" Na ce ai mu mutanen kirki ne, 'yan gari ne, ba Turawa ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce in gaida gida.

Washegari na wuce ta hanyar Kukuo na gan shi da gatari da igiya, ya cire rigar aiki, yana kafa wa wata tsohuwa mai koko sabuwar rumfa. Ya auna daga bakin titi da taku, ya ƙara taku biyu. Rumfa huɗu ya kafa a makon nan da itacen gonarsa. Bai faɗa mini ba, ni ma na yi kamar ban gani ba.

Ranar da aka sauke tutar Turawa gari ya cika da kalangu da gangunan Dagwamba. Ni na ɗinka riguna har yatsuna suka kumbura. Baba ya fito ya tsaya a bakin fili, hannu a baya. Matata ta ce masa, "Baba, yau ma ba za ka yi dariya ba?" Ya ce, "Turawa ban yarda da su ba. Waɗannan ma ban yarda da su ba. Bambanci, waɗannan sun san gidan kowa."

Bayan 'yanci gwamnati ta naɗa mana Disi, wato shugaban gunduma, ɗan jam'iyyar da ke mulki. Ni kuwa ina ɗaya ɓangaren. Duk wanda ya san Tamale ya san wahalarmu ruwa ce. Da rani matanmu kan tafi da garwa tun asuba, su dawo rana ta take. Majalisar gari ta zauna ta amince a kafa famfo a Bulpiela, aka rubuta, aka kawo bututai aka jibge a bakin masallaci. Wata safiya muka tashi babu su. Disi ya sa an kwashe an kai wajen Choggu, inda mutanensa suka fi yawa.

A zaman majalisa na gaba na tashi na karanta abin da muka amince a kai, Disi na zaune. Na ce aikinsa ya aiwatar da abin da majalisa ta yanke, ba ya sake shi ba. Na ce in yana son famfo a Choggu ya kawo mana mu duba, mutanen Choggu ma ƙishirwa suke ji. Wasu suka tafa. Disi ya yi murmushi, ya rubuta wani abu a takarda ya sa a aljihu.

Kwana uku bayan nan, da la'asar, 'yan sanda biyu suka zo shago suka sa mini ankwa a gaban masu jin rediyo. Ba caji ofis suka kai ni ba, kurkuku suka nufa da ni kai tsaye. Ƙaramar taga ta buɗe, na ga idon Baba. Ya fito. Ni kuwa, da ankwa a hannuna, jikina ya riga ni, na tsuguna na gaishe shi. Ya amsa kamar a gida.

Kofur ya miƙa masa takarda. Ya karanta sau biyu, ya ɗaga ta a rana, ya ce, "Wa ya sa hannu?"

Kofur ya ce, "Disi."

"Ina na alƙali?"

"Disi ya ce a ajiye shi tukuna."

Baba ya ninke takardar ya mayar masa. Ya ce, "Disi na iya sa ku ku kama. Ba ya iya sa ni in rufe. Ku kawo takardar kotu." Kofur ya ce, "Ka san abin da kake yi kuwa? Ko don surukinka ne?" Baba ya ce, "Makon jiya ka kawo ɓarawon akuya ba takarda, na mayar da ku. Shi ma surukina ne?" Ya shiga ya ja ƙofa.

A caji ofis na kwana. Da safe dole suka kai ni gaban majistare, wani mutumin kudu mai farin gashi. Ya tambayi ɗan sandan da ke gabatar da ƙara wace doka na karya. Ya ce Disi ne ya ba da umarni. Majistare ya ce, tafinta na juya mana, "Ban tambaye ka wanda ya ce ba. Na ce wace doka." Ɗan sanda ya juya takardunsa bai sami komai ba. Aka sallame ni. Mutanen Bulpiela suka rako ni gida da kiɗa, wana ya yanka rago, ya kai wa Baba cinya da kansa. Baba ya karɓa, ya tambaye shi ko ragon lafiyarsa ƙalau kafin a yanka.

Murnar ba ta daɗe ba. Kafin wata biyu aka mayar da majistaren bakin teku. A rediyon shagona muka ji babbar majalisa a Ankara, babban birninmu, ta yi doka cewa gwamnati na iya tsare mutum shekaru ba tare da an kai shi kotu ba, in ta ga zai kawo fitina. Wani wakili da na sani, wanda ni na ɗinka masa rigar da ya shiga majalisar da ita, an ce yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Daga ranar masu zama a shagona suka fara raguwa. Waɗanda suka rage kuma kowa na kallon na kusa da shi, ana cewa a kowane taro akwai mai kai rahoto.

Karo na biyu 'yan sandan farin kaya ne suka zo, baƙi, ba sa jin Hausa. Ƙofar nan dai suka kai ni, Baba ya fito. Wannan takardar mai hatimi ce, daga Ankara. Ya karanta sau biyu, ya ɗaga ta a rana, ya sake karantawa. Ban taɓa ganin ya karanta takarda sau uku ba. Na ɗaga kai na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da na auri 'yarsa. Na ce, "Baba, babu hannun alƙali."

Ya ce, "Majalisa ya ce ba a bukatar alƙali yanzu. Takarda ya cika." Sai ya matsa gefe ya buɗe ƙofa. "Cire hula. Cire agogo."

A lokacin matata na da cikin wata bakwai.

Ba zan ba da labarin kurkuku ba, ba nawa ake yi ba. Abin da zan faɗa shi ne, a shekara huɗun nan Baba bai taɓa kirana da komai ba sai lambata. Bai ƙara mini loma ɗaya ba, bai kawo mini saƙon gida ba. Ranar da aka haifi ɗana, daga bakin wani fursuna mai shara na ji. Wata uku da rufe ni kuma na ga igiya uku a hannun rigarsa, an yi masa saje. Da wana ya zo ziyara ya ce mini ta cikin ragar ƙarfen da ke raba mu, "Ka gani? Ƙin rufe ka na farkon wasa ne suka shirya, don kada a zarge shi. Wa ya san masu zama a shagonka in ba na gida ba?" Na ce ya daina. Amma maganar ta zauna mini. Na yi ta juya ta: wanda ya ƙi umarnin Disi a gaban 'yan sanda, me ya sa ba a kore shi ba, sai ma ƙarin girma?

A shekara ta biyu wasu mutum biyu suka zo da mota, za su kai ni kudu a yi mini tambayoyi. An fito da ni har tsakar gida. Ina jin Baba a bakin ƙofa yana ce musu takardar da ta kawo ni ta ce a tsare ni a nan, in ana son a ɗauke ni sai wanda ya sa hannu a waccan ya sa a wannan. Suka yi masa tsawa da Turanci. Ya buɗe littafin ƙofa ya ce su faɗi sunayensu da lambar motarsu ya rubuta. Ba su faɗa ba, suka tafi, ba su dawo ba. A cikin waɗanda aka kai kudu na san wanda ya dawo ba ya gani, na san wanda bai dawo ba. Duk da haka zuciyata ba ta sauka ba. Na ce a raina, watakila don 'yarsa ya yi, watakila kuma don kada in je can in ji sunan wanda ya kai ni.

Wata safiya aka kira sunayenmu mu biyar aka ce mu tafi. Yadda ba a faɗa mana laifinmu ba, haka ba a faɗa mana dalilin sakinmu ba. Baba ya miƙo mini hulata da agogona, ya sa na sa hannu cewa na karɓa. A gida na tarar matata ta rame, tana sayar da wake da shinkafa a ƙofar gida, an sayar da keken ɗinkina guda. Dangina sun daina cin abincinta. Ita kuma tun ranar da aka rufe ni ba ta taka gidan mahaifinta ba. Duk kaka buhun dawa na zuwa daga gonar Kukuo a ajiye a ƙofa. Ta ce mini shekarar farko mayarwa ta yi, daga ta biyu yara suka fi ƙarfinta.

Haka muka zauna shekara da shekaru. Ina zuwa gaishe shi da sallah, in cire takalmi, in tsuguna, ya amsa, in tashi. Matata na zuwa in an yi rasuwa ko haihuwa, ta gaishe shi daga bakin ƙofa. Ya yi ritaya ya koma gona. Mutane na gaishe shi, amma in ya iso majalisar hira sai a sauya magana.

Makon jiya aka aiko cewa jikinsa ya yi tsanani. Na je ranar Litinin da la'asar, na same shi kwance a tabarma a inuwar darbejiya, ƙafafunsa sun kumbura. Ya kori kowa. Na ga in ban tambaya yau ba, ba zan ƙara samun dama ba. Na ce, "Baba, ka yi mini haƙuri. Kai ka ba da sunana?"

Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Ban ba da sunanka ba. Amma an tambaye ni."

Na ce, "Wa?"

"Disi. Bayan na mayar da ku, ya kira ni ofis. Ya ce, mutane na taruwa a shagon surukinka? Na ce suna taruwa. Ya ce, suna zagin gwamnati? Na ce ban ji da kunnena ba. Ya rubuta. Ban ga abin da ya rubuta ba."

"Da ka ce ba sa taruwa fa?"

"Suna taruwa," in ji shi. Ya yi tari ya huta. "Na yi ta tunani ko da na yi ƙarya. Har yau ban sani ba. Igiyar nan kuma ban san don me aka ba ni ba. Na tambaya, aka ce lokacina ne ya yi. Ban yarda ba."

Ban sami abin da na zo nema ba, ba wankewa, ba kamawa. Amma na ga tsoho ne da ya ɗauki wannan shi kaɗai fiye da yadda na ɗauka. Na ce, "Baba, na yafe maka duniya da lahira."

Ya juyo ya dube ni da wannan kallon nasa. Ya ce, "Da wuri haka?"

Na ce, "Na yafe."

Ya ce, "Naka ka yafe. Ba kai kaɗai na rufe ba. Matarka fa? Shi ma ya yi shekara huɗu. Ba ka da ikon yafe nasa. Je ka faɗa masa abin da na faɗa maka, kada ka rage, kada ka gyara."

Na koma gida na faɗa mata, ban rage ba, ban gyara ba. Tana tankaɗe gari, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce ta ji. Talata ta wuce. Laraba da safe ta dama koko da kanta, ta zuba a kwano, ta yafa mayafi ta tafi Kukuo ita kaɗai. Ƙanwarta ta ce mini sun shiga ɗaki sun rufe ƙofa tun hantsi har aka kira azahar, ba wanda ya ji muryar kowa. Da ta dawo kwanon babu komai, idonta a kumbure. Ban tambaye ta ba, ba ta faɗa mini ba. Da na isa maƙabarta ranar Alhamis, ƙaninta ya matso ya ce yayarsa ta ce a gaya mini, ni ne zan shiga kabari in karɓe shi. Na cire takalmi na shiga.

Allah Ya gafarta masa abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Allah Ya sa tambayar da za a yi masa ta zo masa da sauƙi, Ya yalwata masa makwanci, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.